Ƙannena Masu Hawa Dutse Da Waya A Hannu

Ranar Asabar da ta wuce na sauko daga Kufena raina a ɓace, kuma har yanzu da nake wannan rubutu bai gama hucewa ba. Shekara uku ke nan ina hawa dutsen nan kusan duk sati, tun da likita ya ce jinina ya fara hawa, in riƙa motsa jiki. Nakan bar gida bayan sallar asuba, in ajiye mashin a Wusasa, in taka. Da can in na hau, daga ni sai masu kiwo da mata 'yan itace. Yanzu hawa dutse ya zama yayi a Zariya, kuma wallahi da farko murna na yi. Na ce gara yaro ya kwana da shirin hawa dutse da ya kwana a majalisar shisha.

Ranar na tarar da wata tawaga, samari da 'yanmata sun kai goma sha biyar, riguna iri ɗaya, ɗaya daga cikinsu yana rataye da ƙatuwar sifika a wuya. A gindin dutsen akwai wani dattijo da na saba gaisawa da shi, yana duƙe cikin masararsa da fartanya. Ga hanya nan a gefe, amma yaran nan suka ratsa ta tsakiyar gonar, saboda wai ganyen masara zai yi kyau a bidiyo. Ba sallama, ba sannu da aiki. Wata yarinya ta matsa kusa da shi, ta kafa masa waya a fuska ta ce, "Baba, ɗago kanka, ɗan yi murmushi." Ya ɗago, ya share gumi da bayan hannu, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Kun tashi lafiya, 'ya'yana?" Shi ya gaishe su. Mutumin da ya yi jika da kowannensu, a cikin gonarsa, a kan masarar da suka tattake. Ina tsaye na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bai tsaya nan ba. Ya ce musu an yi ruwa da dare, kada su bi ta fuskar falalen da ke gabansu domin gansakuka ta kama shi, su zaga ta gefe inda ake da matakala. Kiɗa ya cinye maganar. Ni ma na maimaita musu, wani ya ce, "To Kawu, mun ji," idonsa na kan wayarsa.

Can sama abin da ake gudu ya faru. Yarinyar nan ce dai, sanye da takalmi mai santsin ƙasa irin na zuwa biki, ta tsaya a bakin gaɓa ta buɗe hannuwa. Mai ɗaukarta yana cewa, "Matsa baya kaɗan, garin bai fito ba, ƙara kaɗan." Ta ƙara. Ƙafa ta zame, ta sulale kamar gaba biyu, Allah Ya sa wani tsagi ya tare ta. Da babu tsagin nan da yau zaman makoki ake yi a wani gida. Tana ihu, idon sawunta ya juya, kuma na rantse da Wanda raina ke hannunSa na ƙirga wayoyi uku a sama ba a sauke su ba. Har na ji wani yana cewa, "Kar ka kashe, ci gaba da ɗauka." Wanda ya sauka ya jawo ta wani ɗan kiwo ne da bai wuce shekara goma sha huɗu ba, da silifas ɗin roba a ƙafarsa. Wanda ya ɗaure mata ƙafar da gyalenta, ya sa ɗansa ya goya ta zuwa mota, dattijon nan ne da ta ce ya yi murmushi.

Ƙannena, wannan ita ce maganata da ku: kun daina zuwa wuri don ku gan shi, kuna zuwa ne don a gan ku a wurin. Dutsen da mutanen da ke zaune a gindinsa duk sun zama labulen ɗakin mai hoto. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma wane ilimi zai shiga kan mutumin da tun daga tasha har ya dawo fuskar kansa yake kallo? Na tambayi biyu daga cikin yaran ko sun lura da ragowar tsohuwar ganuwa da suka tsallaka. Ɗaya ya ce ya ɗauka tudun gona ne. Ɗan Zariya ke nan, a kan Kufena, wurin da tarihin Zazzau ke cewa nan aka zauna bayan an baro Turunku, zamanin Bakwa Turunku, kafin birni ya kafu inda yake yau. Yana taka inda iyayen Sarauniya Amina da mutanenta suka rayu, abin da ya dame shi kawai ko hasken rana ya bugi rigarsa daidai. Ganin Dala ba shiga birni ba ne, haka hawa Kufena ba sanin Zazzau ba ne.

Kuma cutar ba a Kufena ta tsaya ba. Duk hutun zango za ka ga sanarwa tana yawo a WhatsApp: tafiya Jos kwana uku, tafiya Obudu, tafiya Mambila, a biya kaza. Ba na ƙin wannan, wurare ne da Allah Ya ƙawata. Tun zamanin Turawa ake zuwa Jos shan iska, saboda garin yana kan tsauni mai tsayin kusan mita 1,200, har otal ɗin da suka gina don hutawa suka sa masa suna Hill Station. Daga nan Zariya ma ƙaramin jirgin ƙasa yake tashi zuwa can, wanda aka shimfiɗa layinsa don kwasar kuza, ya isa yankin Jos a 1914, aka rufe shi a 1957. Cikin masu bin hanyar Fambeguwa da Saminaka yau suna rawa a cikin mota, mutum nawa suka san wannan? Suna isa sai tsaunukan Shere, sai duwatsun Riyom, sai magangarar ruwan Assop, kowane wuri minti ashirin: a sauka, a jera, a ɗauka, a koma mota. Sannan a je bakin tafkunan nan masu ruwa shuɗi a tsaya da ƙafa ɗaya. Waɗannan tafkuna ramukan haƙar kuza ne da ruwa ya cika, bakinsu a tsaye yake, zurfinsu ba na wasa ba ne, kuma sun sha cin mutane. Ɗan garin zai gaya maka haka in ka tambaye shi. Amma wa zai tambaya? Baƙo ko da idonsa makaho ne, matambayi kuma ba ya ɓata, to ku kun haɗa makanta da rashin tambaya.

Wani ɗan maƙwabcina ya je Mambila bara. Tafiya ce ta gaske, daga Jalingo ka bi Bali, ka wuce Serti, sannan mota ta fara hawa tana kwana-kwana cikin hazo har Gembu. Can ne gonakin shayin Kakara suke, can gefen ne kuma Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya, mita 2,419, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti. Da ya dawo na zauna da shi da ɗoki, ina so in ji labari. Yaya ake tsinkar ganyen shayi? Me mutanen ke ci? Yaya shanunsu suke jure sanyin? Ba amsa ko ɗaya. Ya miƙo min waya: hotuna sun fi ɗari biyu, shi ne a cikin kowanne, da jakit ɗin aro. A wani bidiyo yana tsaye gaban wasu mata masu tsinkar shayi yana surutu, su suna kare fuska da mayafi. Na ce ka nemi izininsu? Ya ce, "Ai Baba su ba su san ma me ake yi ba." Sun sani. Wanda ya kare fuskarsa ya gaya maka ba ya so. Kai za ka yarda baƙo ya shigo zauren gidanku a Tudun Wada ya ɗauki mahaifiyarka tana tankaɗe, ya watsa wa duniya da waƙa a ƙasa?

Sai maganar kuɗi, da ba zan iya wucewa ban taɓa ba. Na san yarinyar da ta ci kuɗin rajistar makaranta don a gan ta cikin motar igiyar Obudu tana lilo a sararin sama. Obudu gidan gonar shanu ne a jihar Kuros Riba da aka kafa tun 1951, yana nan ba inda zai je, zai jira ki ki gama karatu ki samu abin kanki. Wanda ya hau motar kwaɗayi tashar wulaƙanci zai sauka. Mafi muni ma ƙaryar da ake yi wa iyaye. Uwa tana Funtuwa ko Kaduna tana zaton ɗiyarta na ɗakin kwanan ɗalibai a Samaru, alhali tana kan hanyar Kuros Riba da mutanen da ta sani a Instagram sati biyu da suka wuce. A ƙasar nan, a wannan zamani da hanya ta zama abin da ta zama! Kun manta a watan Afrilu na 2019 'yan bindiga sun afka wurin shaƙatawar Kajuru, nan cikin jiharmu, suka kashe mutum biyu ciki har da wata Baturiyar Ingila? In wani abu ya same ki, ta ina uwarki za ta fara nema? Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma sau da yawa hoton da kika saka ne zai fara tona shi.

Ban ma so in shiga zancen abin da ake bari a baya, amma ga shi a idona. Ledojin ruwa, robobin lemo, takardun tsire, kwalaben maganin tari da kowa ya san ba don tari aka sha su ba. Akuyar talaka ta ci leda cikinta ya kumbura ta mutu, ku kuna gida kuna ƙirga waɗanda suka danna muku so. Sunaye da fenti a jikin dutse, wane yana son wance. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, ana ta kiɗa, alhali addini ya sauƙaƙa wa matafiyi har ya ba shi damar yin ƙasaru. A cikin Suratul Gashiya Allah Ya ja hankalinmu mu dubi duwatsu yadda aka kafa su. Dubawa aka ce, da ido da zuciya. Ku kuwa kuna juya wa dutsen baya ne domin ya fito a bayanku.

Wannan juya bayan shi ne ke ƙona min rai, domin daga dutse ya wuce kan mutane. Wanda ya saba ganin komai ta cikin waya, ranar da abokinsa ya faɗi ma ta cikin waya zai gan shi. Na gani da idona, ba labari aka ba ni ba. Yaran nan ba mugaye ba ne, da na yi musu tsawa biyu daga cikinsu sun sauke wayar suna rawar jiki, ɗaya har da hawaye. Hannu ne ya saba, ya riga zuciya motsi. To ku tambayi kanku, waɗanda kuke tafiya da su, in kun zame, hannu za su miƙo ko waya?

Mu da muka taso a garin nan ba haka aka koya mana tafiya ba. Ina ɗan firamare malaminmu ya kai mu Kufena da ƙafa. Kafin mu taka dutsen sai da ya kai mu ƙofar gidan mai unguwa muka durƙusa muka gaishe shi, aka haɗa mu da yaro ɗan gari ya shige gaba. An hana mu tsinkar ko da ganye a gonar mutane. A sama malam ya zaunar da mu ya ce kowa ya yi shiru, ya riƙa nuna mana da sanda: ga birni, ga Tudun Wada, can ga Samaru. Babu wanda ya ɗauki hoto ko ɗaya, amma yau shekara arba'in zan iya zana maka abin da na gani. A lokacin mutum ba ya barin gari sai ya yi sallama da iyaye da maƙwabta an sa masa albarka, in ya sauka a wani gari ya san shi raɓa ne, ya kama kansa, in ya dawo ya zo da tsaraba da labari a baki, a zauna a tsakar gida ana saurare har dare ya raba. Ina wannan ya tafi? Mu iyaye ma da laifinmu, mun saya musu wayar dubu ɗari uku ba mu koya musu sannu da aiki ba.

Ni ban ce ku zauna a gida ba. Ku je, ku hau, ƙafafunku da sauran ƙarfi. Amma ku ji tsoron Allah a kan mutanen da kuke tararwa, ku sa wayar nan a aljihu ko na ɗan lokaci ne, ku buɗe ido da kunne. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ranar Litinin da yamma na koma Wusasa da goro a leda, na je gonar dattijon don in ba shi haƙuri a madadin 'ya'yan da ba nawa ba. Na same shi ya bi layin da suka ratsa yana tayar da masarar da za ta tayu, yana tara mata ƙasa a gindi, waɗanda suka karye kuma ya tsinke su ya tara wa awaki. Ya karɓi goron ya sa albarka, bai ce komai a kan gonar ba. Sai da na juya zan tafi ya kira ni ya ce, "Malam, ƙafar yarinyar nan fa? An samu mai ɗori?" Na tsaya ina dubansa, domin cikin su goma sha biyar ɗin babu wanda ya dawo ya ce masa ga halin da ake ciki.