Wa ya ce a adana?

Masu haɗa wa alhazai manhajar lissafi a nan Maradi, yau da ku nake, ni ma ina cikinku. Da yawanmu Access, manhajar ajiye bayanai, muke aiki da shi. Tsohon hannu ne, tun 1992 Microsoft ta fito da shi, kuma yana da wani hali da ba ma gaya wa mai shago.

Fom, wato shafin shigar da bayani, in yana ɗaure da teburin da ake ajiye bayanan, ba ya jiran a ce masa adana. Kana canza abu a gurbi ɗaya, ɗan fensir zai fito a gefen hagu. Ka wuce zuwa bayani na gaba, ko ka rufe fom, ko ka sauka cikin ƙaramin fom na ƙasa inda ake jera kaya, shi ke nan, ya rubuta. Ko Tab ka danna a gurbin ƙarshe, ya tsallaka ya adana. Yaron shago kuwa Word ya saba da shi, a zatonsa in ya rufe bai adana ba, komai zai koma yadda yake. Ya buɗe bashin wani dillali na jika 250 don ya duba kawai, yatsa ya goge sifiri ɗaya, ya rufe. Bashi ya koma jika 25, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani, sai ranar biya a yi ta rantse-rantse.

Maganin da kowa ke rugawa gare shi shi ne a sa tambaya a Avant MAJ, wato matakin da Access ke bi daf da adanawa: "Za a adana?" a kan kowane bayani. Ni ban yarda da wannan ba. Ku tsaya bayan mai shigar da rasit da hantsi, mota na sauke buhuna, mutum biyar na jira. Ba ya karanta komai, hannunsa ya riga idonsa zuwa kan Oui. Tambayar tana nan, amfaninta ya tafi.

Wasu kuma sai su kwance fom daga tebur gaba ɗaya, su rubuta komai da hannu. Aiki ya ninka, kuma in an ɗauke wuta ana tsakiyar dogon rasit, duk layukan sun bi iska.

Abin da nake gani ya fi: sabon bayani a bar shi ya adana shiru, in dai ba a bar suna ko adadi fayau ba. Tsohon bayani shi ne wurin tsaro. A cikin Avant MAJ a gwada abin da ke gurbin yanzu da OldValue, wato abin da ke cikinsa kafin a taɓa. In lambar waya ce aka gyara, a wuce. In kuɗi ne, farashi ko bashi, a tsayar da mutum, a nuna masa lambobin biyu ƙuru-ƙuru: da 250000, yanzu 25000, haka kake nufi? Ya ce a'a, sai Cancel = True da Me.Undo, a hana adanawa a mayar da abin da ke nan da. Ya ce i, a rubuta a wani tebur daban wa ya canza, yaushe, daga nawa zuwa nawa. Littafin bashi na biro ma in an soke lamba ana ganin ta farko a ƙarƙashi, bai kamata kwamfuta ta gaza shi ba.

A mayar da Cycle, saitin da ke faɗa wa Tab inda zai zagaya, kan bayanin da ake ciki don Tab ya daina tsallakawa, a koya wa yara danna maɓallin Échap sau biyu, na farko ya janye gurbi, na biyu ya janye bayanin duka. Maɓallin buga rasit kuma, don Allah a fara masa da Me.Dirty = False, wato a adana kafin a buga. In ba haka ba, allo na nuna sabon farashi, takarda ta fito da tsoho, mai saye ya sa a aljihu ya nufi Ɗan Issa da ita.