Mushe da Burodi Biyar a Agege

Ranar da ikilisiyarmu ta Maraɗi ta yi mini addu'ar sallama, dattawa sun ja mini kunne a kan abubuwa da yawa game da Legas, tun daga 'yan sane har zuwa yawan barkono a miya, amma babu ko mutum ɗaya da ya ja mini kunne a kan Hausa. Ni ma ban ga dalilin yin hakan ba, domin aikin sa kai na wata shida da zan je yi, wato koyar da yara a makarantar Lahadi, a wata majami'ar Hausa ne da ke Agege, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fara fitowa cikakke tun 1932, shi muke karantawa a ƙasashen biyu. Na bi ta Ɗan Isa da Jibiya, na kwana a Kano, sannan na shiga doguwar motar da ta yini ta kwana tana tafiya kafin ta sauke mu. Da na ji ana ciniki da Hausa a Zangon Agege, ga ƙamshin tsire, ga masu goro sun baza faifai kamar yadda kakanninsu fatake suka saba, sai na ce a raina ashe gida na bari na zo gida.

Yaran da aka damƙa mini su 27 ne. Iyayensu mutanen Kafanchan ne da Tafawa Ɓalewa da Billiri da Michika, waɗansu masu gadi, waɗansu 'yan sanda, waɗansu kuma suna harkar kayan gwari a kasuwar Mile 12. Su yaran kuwa yawancinsu haihuwar Legas ne, suna iya fara magana da Hausa, su ratsa ta cikin Yarbanci, su ƙarasa da Turancin Buroka ba tare da sun ja numfashi ba.

A Lahadin farko na sa rigata mai guga, na tsaya a gabansu cikin rumfar kwano da ke bayan majami'a, na gaya musu cewa daga Nijar na zo, kuma ina so su riƙa kirana Mushe. A wurinmu haka ɗalibai suke kiran malamin makarantar boko, kalma ce ta girmamawa da muka aro daga Faransanci, kuma na yi shekara huɗu ana kirana da ita a wani ƙauye kusa da Tibiri ina amsawa da alfahari. Rumfar ta yi tsit na ɗan lokaci. Can sai wani yaro mai giɓi, wanda bai wuce shekara tara ba, ya ɗaga hannu cikin ladabi ya tambaye ni ko na akuya ne ko na jaki. Dariyar da ta biyo baya sai da ta sa wani dattijo ya fito daga cikin sujada ya leƙo. Na san ma'anar mushe ta dabbar da ta mutu ba yanka, amma ban taɓa haɗa kalmomin biyu a kaina ba sai ranar. Na yi ta roƙo a koma kirana Malam, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, kafin sati ya zagayo har Zumuntar Mata sun ɗauka.

Ƙananan tuntuɓe kuwa ba su ƙirguwa. Baba Fasto ya taɓa cewa in ara masa biro, na amsa masa da cewa ni ba ma'aikacin gwamnati ba ne balle in mallaki biro, domin a wurinmu biro ofis ne, abin rubutu kuwa bik muke ce masa. Sau biyu kuma danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, ta wuce da ni har Oshodi saboda ban san cewa mai son sauka sai ya ɗaga murya ya ce "owa" ba, ni kuwa ina ta ɗaga wa kwandasta hannu kamar ɗalibi mai neman izini.

Babban abin ya faru ne a wata na biyu, lokacin da muka iso kan labarin ciyar da mutum 5,000 a sura ta 6 ta Bisharar Yohanna. Na lura yaran nan ba sa riƙe abin da aka faɗa musu da baki, amma duk abin da suka yi wasan kwaikwayonsa ba sa mantawa, saboda haka na yanke shawarar za mu yi labarin a aikace. Dabarata ita ce in sayi burodin Agege, mai laushin nan da yake miƙewa kamar danƙo idan an ja shi, isasshe ga kowa, in ɓoye mafi yawa a cikin kwando, in fito da biyar kawai da kifi biyu. Don in ƙarfafa musu zuwa, sai na yi kuskuren sanarwa tun mako guda kafin ranar cewa Lahadi mai zuwa kowa zai ci ya ƙoshi.

Ran Juma'a na je wurin Baba Ma'aji, wani tsohon soja mutumin Zariya wanda har yau idan ya tashi ba da labarin tsadar rayuwa da sule da fam yake lissafi. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Ɗana, nawa ne zai ishe ka?" Na ce, "Baba, jika goma ta isa." Ya dube ni da mamaki, ya ce lallai mutanen Nijar akwai tattali, ya shiga ɗaki ya fito da ambulan a liƙe. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma na ji ambulan ɗin ba ta da nauyi, sai dai tarbiyyar gidanmu ba ta yarda yaro ya ƙirga kuɗi a gaban babba ba. Na sa a aljihu na yi godiya.

Sai da yammacin Asabar, a gaban wata Iya mai burodi, bayan na sa ta jera mini manya guda goma sha biyu, na yage ambulan na tarar da naira 2,000. Na juya ta, na girgiza ta, na leƙa cikinta kamar mai neman kunama a takalmi. A aljihuna babu komai sai takardar sefa ta jika biyar da na ajiye don komawa gida, na miƙa wa Iya, ta juya ta gaba da baya, ta mayar mini tana cewa aboki ya kai wa mai ita. Baba Ma'aji a Ikorodu yake zaune, kuma ko da kusa yake ban ga bakin da zan iya cewa bai ba ni daidai ba. Bayan doguwar magiya da hannu da ka, abin da kuɗin suka saya shi ne ƙananan burodi biyar da bandar kifi biyu, ko ɗaya bai ƙaru a kan abin da ke rubuce ba. Na lallashi kaina da cewa yara 27 za su iya samun loma ɗaiɗai, in ya so in mayar da darasin ya zama na haƙuri.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne yadda labarin abinci yake gudu a unguwa. Da safiyar Lahadi na tarar rumfar ta cika ta batse, har da masu leƙe ta saman katanga. Kowane ɗalibi ya zo da ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta, akwai Yarbawa, akwai Ibo, akwai wata yarinya da ta zo da kwanonta da murfi. Na ƙirga har 83 sannan na daina, domin ƙirgar tana ƙara mini zufa.

Ba yadda zan yi, na zaunar da su ƙungiya ƙungiya a kan tabarmi, muka fara. Yaron da ya fito a Filibus ya karanta wurin da ake cewa ko gurasar dinari 200 ba za ta ishe su ba, ban taɓa jin wata aya ta shige ni kamar wannan ba. Wanda ya fito a Andarawas ya je ya jawo yaro mai guzuri, kuma mai giɓin nan na ba wannan matsayi da nufin in ɗaure bakinsa da aiki. Ya taho rungume da leda, bakinsa yana ƙyalli, abin da ya tabbatar mini cewa kifin ya riga ya koma ɗaya da rabi. Na miƙa hannu in karɓa, sai ya ja da baya ya ce, "Mushe, wancan yaron fa Yesu ya ba, shi ya sa aka samu ƙari. In na ba ka, kana da tabbacin za a samu ƙari?" Na yi shekara uku a makarantar koyon Littafi Mai Tsarki, amma babu malamin da ya shirya ni domin wannan tambaya.

Dabarar da ta zo mini ba abin alfahari ba ce. Na ce kowa ya rufe ido, na kira wata yarinya da na san idan ta fara addu'a sai ta yi wa kowa da kowa tun daga shugaban ƙasa har kajin gidansu, na ce ta jagorance mu, na bar mataimakina yana tsaro, ni kuwa na sulale ta ƙofar baya da gudu. A bakin titi akwai wani mai shayi da nake wucewa kullum ban taɓa tsayawa ba. Na isa ina haki, na fara bayani a birkice, sai ya ajiye ludayi ya ce, "Tsaya, mi ya hwaru? Kai ɗan ina na?" Ashe mutumin Madawa ne ta jihar Tawa, Musulmi, ya shekara goma sha ɗaya a Legas. Da ya gama jin labarina ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya kwashe burodin da ke kan teburinsa kaf ya zuba mini a buhu, ya ƙara da gwangwanin kifi huɗu, ya ce yara ba sa jiran ciniki, in kawo jika tara duk ranar da na samu. Wannan karon mu biyun mun san abin da jika take nufi.

Na dawo daidai lokacin da mai addu'a ta iso kan marasa lafiya da ke asibiti, na juye buhun a kwando, na tsaya na ce amin tare da kowa. Da suka buɗe ido, yarinya mai kwano da murfi ta yi ihu ta ce al'ajabi ya faru, waɗansu ƙanana har suka fara tafi. Ba zan iya barin ƙarya ta kwana a makarantar Lahadi ba, don haka na gaya musu gaskiya, cewa maƙwabcinmu mai shayi ne ya taimaka, kuma bashi ne. Mai giɓi ya ce shi dama ya sani, domin idonsa ɗaya a buɗe yake. Aka yayyanka, kowa ya samu, babu wanda ya ƙoshi amma babu wanda ya yi kuka. Da aka gama, Filibus ya buɗe littafinsa ya nuna mini cewa saura kwando goma sha biyu na gutsattsari, yana so ya san wanda zai tafi da su gida. Abin da muka tattara bai wuce leda da ƙayar kifi ba.

Bayan sujada na samu Baba Ma'aji a ƙarƙashin bishiya na kwance masa komai. Ya saurare ni da natsuwa, sannan ya bayyana mini cewa a Najeriya jaka fam 100 ce tun zamanin Turawa, da aka kawo naira a 1973 kowane fam ya zama naira biyu, saboda haka jaka ta tsaya a naira 200, jaka goma kuwa 2,000 ce cif, bai rage mini ko kwabo ba. Ni ma na bayyana masa cewa a wurinmu sefa biyar ita ce dala ɗaya, dala 200 kuwa ita ce jika, wato 1,000. Ya gyaɗa kai ya ce lallai ilmi kogi ne, amma abin da ya rubuta a littafi jaka goma ce, kuma duk abin da ya haura haka sai kwamitin dattawa ya zauna a ƙarshen wata. Kwamitin ya zauna, batun rufin majami'a ya cinye lokaci, aka ɗage nawa zuwa zama na gaba.

A halin yanzu ina biyan bashin kaɗan kaɗan daga kuɗin abincina, saura jika uku. Hanya ɗaya ce tak daga masaukina zuwa majami'a, kuma ta gaban teburin mai shayi ta bi. Kowace safiya yana hango ni sai ya ɗaga ludayi ya ƙwala kira, "Mushe, an tashi lahiya? Ga Mushe nan tahe!" Kanawan da ke zaune a kan benci kuma sai su ɗaga ƙafafunsu, su riƙe kofunansu da kyau, suna waige waige a kan titi.