Cunkoson Asibitin Murtala daga ƙauye yake tasowa

Duk wanda ya san harabar Asibitin Murtala na Kano da sassafe ya san ba 'yan birni kaɗai ke cika wajen ba. Tambayi masu jinyar da suka shimfiɗa tabarmi gefen katanga da kuloli da butocinsu daga ina suke, za ka ji Sumaila, Ajingi, Rogo, wani ma Doguwa wanda sai da ya ratsa dajin Falgore kafin ya ga Kano. Mu nan muna ta mita wai ba gado, wai layi ya yi tsawo, ni kuwa a ganina matsalar tana can asibitin garinsu da ya kasa riƙe su.

Kuma fa ba wai asibitocin ne babu ba. Kano na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, tsarin gwamnati shi ne kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Gini akwai, fenti akwai, har allo a bakin get an jero ayyuka reras. Amma wanne daga ciki za ka samu ƙarfe biyun dare?

A yi adalci, rigakafi kam yana tafiya, ai waɗannan ƙananan asibitocin da ma'aikatansu masu bi gida-gida ne suka kai mu ga 2020 da aka ce Najeriya ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna. Ana awon ciki, ana gwajin maleriya. Sai dai duk wannan aikin rana ne, mai ranar da aka tsara masa, shi kuwa zubar jini bayan haihuwa ba ruwansa da ranar awo. Mace ta sauka jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama ta, malamin asibitin ya san abin da ya kamata a yi wallahi, amma ba jinin da zai ƙara mata, firij ɗin solar da ke ɗakin na alluran rigakafi ne, ba mai tiyata, ba iskar oksijin, sai ya sa mata ruwa ya rubuta takarda ya ce maza ku wuce Kano, daga nan a shiga buga ƙofar mai mota ana cinikin kuɗin mai ita kuma tana kwance tana galabaita.

Hawan jini da suga ma ba a cika zancensu ba. Dattijo sai ya shigo birni kawai don a auna shi a rubuta masa ƙwayoyi, kuɗin mota ya ninka na magani, wata biyu uku ya gaji ya bari, sai ranar da ɓarin jikinsa ya shanye a kinkimo shi. Wannan fa aikin da nas ɗaya da abin awo da magani a kanta za su gama a garinsu ne.

Za a ce min likitoci ba sa zaman ƙauye, na birnin ma Saudiyya da Ingila suke nufa. Gaskiya ne. Ni ban ce a kai ƙwararren likitan zuciya kowace mazaɓa ba, wannan aikin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ne. Asibitin mazaɓa ungozoma yake buƙata wadda za ta kwana a nan, babban asibitin ƙaramar hukuma kuma likitan da zai iya ciro jariri da mai sa barci da ma'ajiyar jini. To ta yaya ungozomar za ta kwana inda ba gidan ma'aikata, ba ruwa, ba wuta? Dole da la'asar ta nemi motar Kano, ni ko kaɗan ban ga laifinta ba. 'Yan siyasarmu kuwa sabon gini suka fi so tunda shi ake ɗauka a hoto, gidan ungozoma ba ya fitowa a fasta.

Kafin a kai ga duk wannan akwai mai araha. An taɓa yin tsari da ƙungiyar direbobi ta NURTW a jihohin Arewa na ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa, a farfaɗo da shi sosai, kowane mai unguwa ya riƙe lambar direba biyu, ƙaramar hukuma ta dinga biyan kuɗin man.