Ƙafar da ba ta neman izini

Sarkin Musu: Likita, jiya na taka ƙusa. Da yake ni mutum ne mai kaifin tunani, nan take na umarci ƙafa ta ɗaga.

Likita: Malam, ko shawartarka ba a yi ba. Sai da ƙafa ta ɗaga labari ya iso maka.

Sarkin Musu: To wa ya ba ta izini?

Likita: Laka, igiyar nan da ke cikin ƙashin bayanka. Tsawonta kamar santimita 45, jijiyoyi 31 ke fita ta kowane gefe. Saƙo daga tafin ƙafa ya shiga ta saiwar baya, wata 'yar jijiyar tsakani ta miƙa wa jijiyar motsi, umarni ya fito ta saiwar gaba. Naman bayan cinya ya tsuke, na gaba ya saki, gwiwa ta lanƙwashe.

Sarkin Musu: Da haka ne ai da na sha ƙasa.

Likita: Shi ya sa saƙon ke tsallakawa ɗaya ɓarin lakar, ɗaya ƙafar ta ƙage ta ɗauki nauyinka.

Sarkin Musu: Amma da na murza wurin zafi ya lafa. Wannan kam dabarata ce.

Likita: Hannun dai naka ne. Jijiyoyin taɓi masu kauri kan yi gudun mita 35 zuwa 75 a daƙiƙa, mafiya siranta cikin na raɗaɗi ba sa wuce mita 2. In ka murza, saƙon taɓi ke tsuke wa zafi ƙofa a cikin laka. Wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka kawo wannan bayani a 1965.

Sarkin Musu: Da ma a ce ban ji komai ba, na huta.

Likita: Kada ka yi wannan fata. Wanda ciwon sukari ya cinye masa jijiyoyin ƙafa sai ya yini da ƙusa a takalmi bai sani ba, har gyambo ya kama. Irinsu muke cewa su duba tafin ƙafa kullum.

Sarkin Musu: Ni dai ba abin da ke motsi a jikina sai da yardata.

Likita: Hau gadon nan, sako ƙafa tana reto. Zan ƙwanƙwasa ƙasan ƙoƙon gwiwarka da 'yar gudumar nan.

Sarkin Musu: Bismilla. Na hana ta motsi.

(Ƙwas! Ƙafa ta yi tsalle, ta sami Likita a ƙwauri.)

Likita: Wayyo! Malam, harbi?

Sarkin Musu: Ranka ya daɗe, kai ƙarar laka. Ni yanzu labarin ke iso min.