Littafin da ya bar ni tsaye a bakin ƙofa

Jama'a, yau sai na amayar da abin da ke cikina ko na samu barci.

Kwana huɗu na yi ina karanta wani littafin Turanci a manhajar karatun littattafai ta Wattpad, na ban tsoro haɗe da binciken kisa. Wata budurwa ce ta koma garinsu na masunta a gaɓar tekun Ingila bayan yayanta ya ɓace. An tsinci kwalekwalensa, ba a ga gawa ba. Tun daren da ta sauka, kullum da asuba sai ta tarar da jiƙaƙƙen sawun ƙafa a tsakar ɗaki, kuma kowace safiya sawun sai ya ƙara matsowa kusa da gadonta. Wallahi shekaranjiya da aka ɗauke wuta sai da na haska ƙarƙashin gadona da fitilar waya, ni da girmana.

Sai a babi na 9 na gane ashe ita da 'yar limamin cocin garin soyayya suke a ɓoye. Na kife wayar. Ba zan yi muku ƙarya ba, tarbiyyar da na tashi a ciki ba ta bar ni na wuce wurin kamar ban gani ba, kuma na san akwai masu shirin cewa, "Ke ma me ya kai ki?" To, washegari na koma. Sawun nan ne ya ja ni.

Inda marubuciyar ta burge ni, tsoro biyu ta tufka ya zama igiya ɗaya. Akwai daren da aka ƙwanƙwasa musu ƙofa ƙarfe uku, suka yi tsuru-tsuru, kowacce na fatan a ce fatalwar ce ba uban ba. Na daɗe ban karanta wurin da ya tsaya min a rai haka ba. Kuma ba yau Turawa suka fara wannan haɗin ba: tun 1872 Sheridan Le Fanu ya rubuta Carmilla, labarin mayya mai shan jini da ta maƙale wa wata budurwa, shekara 25 kafin Dracula, shahararren littafin nan na maye mai shan jini.

Amma fa akwai abin haushi. Ɗan sandan da ke binciken ya yi ɓatan dabo har babi goma. An ga agogon yayan a aljihun teburin limamin, daga nan ba a sake waiwayarsa ba. Hirar masoyan kuma, kai, ta cika ja, wani babin tsallake shi na yi.

Duk wannan na yafe. Abin da ban yafe ba shi ne babi na 31. Sawun ya iso gado, ƙofa ta buɗe da kanta, shi ke nan. A ƙasa marubuciyar ta ce za ta dawo in ta gama jarrabawa. Na duba kwanan wata, shekara uku ke nan! Mu da muka saba jiran ci gaban littafi a zaurukan WhatsApp mun san wannan ciwon, amma na soyayya da sauƙi, ka san ko aure ko rabuwa. Labarin kisa bashi ne, sai an faɗi wanda ya yi ake biyansa.

Marubucin Ingila Charles Dickens ma ya bar irin wannan bashin da littafinsa The Mystery of Edwin Drood, kashi 6 cikin 12 ya rubuta, ya mutu a watan Yunin 1870. Abin ya dami mutane har a 1914 aka yi zaman kotun wasa a Landan don a tuhumi wanda ake zargi a labarin. Shi dai mutuwa ce uzurinsa. Ita kuwa baiwar Allah, wace irin jarrabawa ce wannan?

Ni dai 'yar limamin nake zargi. A babi na 14 ta ambaci launin rigar da yayan ya sa ranar da ya ɓace, alhali ta ce ba ta garin a ranar. Wanda ya karanta ya zo mu yi musu.