Iyayen yara a Amurka, neman jami'a tun daga aji 7 yake farawa

Assalamu alaikum 'yan uwana iyaye da ke zaune a Amurka, mu na Bronx da Harlem da duk inda Hausawa suka yada zango, 'yan Nijar da 'yan Najeriya da 'yan Zongon Gana. Maganar tana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, don ta 'ya'yanmu ce.

Kusan dukanmu mun taso a tsarin da jarrabawa ɗaya ke yanke wa yaro hukunci. Ɗan Najeriya ya san WAEC da JAMB, ɗan Nijar ya san BAC. A can yaro zai iya yin shiririta shekara biyu, a shekarar ƙarshe ya ɗaure ɗamara ya kwana karatu, Allah ya taimake shi ya ci. Da wannan tunanin muka hau jirgi, kuma da shi muke renon yara a ƙasar da ba haka abin yake ba. Shi ya sa za ka ji uba yana cewa, "Ai da saura, yanzu ya shiga aji 9, idan ya kai 12 sai mu yi maganar jami'a." Alhaji, wallahi idan ka bari sai aji 12, an riga an gama rubuta kusan duk abin da jami'a za ta karanta game da ɗanka.

Ga dalili. Fom ɗin neman gurbi da jami'o'i sama da 1,000 ke amfani da shi, Common App, ana buɗe shi ranar 1 ga Agusta, yaro bai ma fara aji 12 ba. Masu neman gurbi da wuri suna miƙawa wajen 1 ga Nuwamba, saura kuma farkon Janairu. Ke nan abin da mai tantancewa zai gani a gabansa shi ne sakamakon aji 9 da 10 da 11, da ɗan abin da aka soma a 12. Kuma ba maki kaɗai yake dubawa ba. Yana duba waɗanne darussa yaron ya ɗauka cikin waɗanda makarantarsu ke da su. Yaron da ya ci A a darasi mai sauƙi alhali akwai mai tsauri a makarantar bai shiga ba, suna ganin hakan ƙarara, domin kowace makaranta tana aika musu bayanin darussan da take koyarwa.

Inda abin ya fi ɗaure mini kai shi ne lissafi, saboda ana raba hanya tun yaro yana ɗan shekara 12 ko 13, iyaye ba su ma san an raba ba. Lissafin sakandare a nan matakala ce: aljabra ta ɗaya, jometiri, aljabra ta biyu, share fagen kalkulas, sannan kalkulas. Matakai biyar ke nan, babbar sakandare kuma shekara huɗu ce, aji 9 zuwa 12. Duk wanda bai yi aljabra ta ɗaya a aji 8 ba, ba zai kai kalkulas a aji 12 ba, sai dai ya haɗa darasi biyu a shekara ɗaya ko ya yi karatun hutun bazara. Mu kuma kullum addu'armu yaro ya zama likita ko injiniya, kuma jami'o'in injiniya masu tsauri kalkulas ɗin nan suke son gani. Wa zai shiga aljabra a aji 8? Tun a aji 6 da 7 ake tsinto su. Takarda ce ke zuwa gida a jakar yaro, ta cukurkuɗe tsakanin littafi da ragowar biskit, yaro ya miƙo wa Baba da ya dawo daga tuƙin dare ido ya yi ja, ya ce, "Baba sa hannu." Baba ya sa, ya juya ya kwanta. Ban ga laifin Baba ba, don wahalar da yake sha ta yaran ce. Amma takardar nan ta fi yawancin waɗanda muke ɓoyewa a akwati muhimmanci.

Mu na New York muna da ƙari. Jarrabawar SHSAT, wadda ita kaɗai ke shigar da yaro makarantu takwas na musamman irin su Stuyvesant da Bronx Science da Brooklyn Tech, a farkon aji 8 ake yin ta, kuma rajista kyauta ce. Bronx Science tana nan a unguwarmu, wasunmu kullum sai sun wuce ta da mota. Yaranmu nawa ne ma suka zauna jarrabawar?

Kada kuma mu ce ai makaranta za ta kula. Kowace makaranta tana da malamin shawara, gaskiya ne, amma ƙungiyarsu ta ƙasa tana ganin ya dace mutum ɗaya ya riƙe ɗalibai 250, a zahiri kuwa matsakaicin ƙasar ya haura 350. Mutumin da ke da yara ɗari uku da wani abu, wanda iyayensa suka zo suka zauna suka yi tambaya shi zai tuna. Kada Turanci ya hana ki zuwa, Hajiya. Haƙƙinki ne makarantar gwamnati ta nemo miki tafinta, kuma tambayar ba ta da wuya: wane lissafi ɗana yake yi bana, wanne zai yi baɗi, akwai wanda ya fi shi tsauri, me ake buƙata ya shiga?

Yanzu ga maganar da na san za ta sosa wa wasu rai, maganar mayar da yaro gida don tarbiyya. Uba ya ga yaro ya fara mayar da magana, sallah sai an yi faɗa, abokai ba a san iyayensu ba, sai ya yanki tikiti ya tura shi Yamai ko Kano ko Kumasi wajen kakanni. Ni ban raina wannan ba ko kaɗan. Na ga yaran da tafiyar ta gyara, sun dawo da Hausa a bakinsu da natsuwa a jikinsu. Abin da nake roƙo a duba shi ne lokaci. Yaron da aka ɗauke yana aji 9 aka dawo da shi a 11, ya dawo da rami a tsakiyar takardarsa. Darussan da ya yi can ba lalle su yi daidai da na nan ba, sakamakon wani lokaci ba hatimi, wani lokaci da Faransanci ba a fassara ba, sai a mayar da shi baya ko a zuba shi a azuzuwan cike gurbi daidai shekarar da tsaransa ke ɗaukar darussan AP, wato darussan matakin jami'a da ake yi tun a sakandare. Idan za a tura, a ganina a tura tun yana firamare ya dawo kafin aji 7, ko a riƙa kai shi dogon hutu. In kuma tafiyar ta zama dole a tsakiyar sakandare, to a karɓo sakamakon kowane zango da hatimin makaranta kafin ya taso. Yaron da ya yi boko a Nijar ma yana da wata riba da ba ma lura da ita: Faransancinsa zai iya kai shi jarrabawar AP ta Faransanci, wadda ake ba da maki 1 zuwa 5, kuma jami'o'i da yawa suna ƙirga ta.

Sai maganar abin da yaro ke yi bayan an tashi aji. Fom ɗin nan yana da gurbi goma na ayyuka, kowanne yaro zai bayyana shi a haruffa 150, ya faɗi awa nawa a mako, mako nawa a shekara, daga wane aji zuwa wane. A nan yaranmu ke karaya, su ga 'ya'yan masu kuɗi suna rubuta goge da wasan tanis da tafiya ƙasashen waje, su ce su ba su da abin rubutawa. Alhali suna da shi, har ya fi na wasu nauyi. A cikin jerin da fom ɗin kansa ya tanada akwai hidimar gida, akwai aikin albashi, akwai ayyukan addini. Yarinyar da ke ɗauko ƙannenta daga makaranta kullum, ta dafa musu, ta duba musu aikin gida saboda Mama tana shagon kitso har dare, aiki take yi kuma yana da gurbi. Yaron da tun yana shekara 11 yake raka kakarsa asibiti yana yi wa likita tafinta, yana neman yadda zai faɗi hawan jini da Hausa tsohuwa ta gane, yana da abin da zai rubuta a insha'insa mai kalmomi 650 da babu wanda zai iya saya masa. Wanda ya haddace Alƙur'ani, ko wadda ta shekara huɗu tana biya wa ƙananan yara karatu a Islamiyya duk Asabar da Lahadi, me ya fi wannan nuna juriya? Matsalar ita ce yaran suna jin kunyar rubutawa, mu kuma ba mu taɓa gaya musu abin alfahari ba ne. A saya wa yaro ɗan littafi tun aji 9 ya riƙa rubuta abin da ya yi da lokacin da ya ɗauka, don a aji 12 ba zai tuna ba.

Kuma ba a ce sai an cike gurbi goman ba. Abu biyu ko uku da yaro ya riƙe shekara da shekaru har aka damƙa masa ragama sun fi ƙungiya takwas da ya shiga a watan ƙarshe.

'Ya'ya mata su ne abin ya fi shafa, kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Dokar gidajenmu da yawa ita ce daga makaranta sai gida. Ƙungiyar muhawara, jaridar makaranta, masu haɗa mutum-mutumi, duk bayan ƙarfe uku ake yin su, kuma da hunturu kafin biyar gari ya yi duhu. Tsoron uwa a kan hanya yake, ni ma ina da 'ya. Amma sau da yawa yarinyar ce ta fi kowa ƙoƙari a gidan, ita ce mai A a komai, sai a bar namiji ya je ƙwallo ita a ce ta dawo. Akwai mafita ba tare da an saki tarbiyya ba. Uwa ta je ta ga malamar da ke kula da ƙungiyar ido da ido, ta karɓi lambarta. Iyaye uku ko huɗu na gini ɗaya su riƙa karɓa-karɓa wajen ɗauko yaran. Muna yin haka don biki da suna, ba zai gagare mu don wannan ba.

Akwai wani abu na tarbiyyarmu da ke buƙatar bayani ga yaro. Mun koya masa kada ya haɗa ido da babba, kada ya yi magana sai an tambaye shi. Kyakkyawar ɗabi'a ce. Sai dai manyan jami'o'i suna neman wasiƙar shaida daga malamai, galibi biyu, kuma yawanci na aji 11. Malamin da yaro ya shekara a ajinsa bai taɓa ɗaga hannu ba, me zai rubuta ban da "yaro ne mai shiru"? Mu gaya musu tambayar malami bayan an tashi aji ba rashin kunya ba ce, neman ilimi ne.

Wasu za su ce ai mu baƙaƙe ne, ana sassauta mana. Wannan ya wuce. A watan Yuni na 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ba da gurbi, a shari'ar da ta shafi Harvard da Jami'ar North Carolina. Shekarar da ta biyo baya jami'ar MIT ta bayyana cewa baƙaƙe a cikin sababbin ɗalibanta sun sauko daga kashi 13 cikin ɗari zuwa 5. Jarrabawar neman shiga jami'a ta SAT ma da aka sassauta lokacin korona ta dawo: MIT ta maido da ita a 2022, Dartmouth da Brown da Harvard suka bi a 2024.

To me ya sa nake ta nacin waɗannan jami'o'i, alhali Harvard wajen huɗu cikin ɗari kawai na masu nema take ɗauka? Saboda kuɗi, kuma saboda gudun riba. Da yawanmu ba ma son yaro ya fara rayuwa da bashi mai ruwa a wuyansa, kuma muna da hujja. Abin da ba a gaya mana ba shi ne jami'o'in da suka fi wuyar shiga su suka fi arha ga talaka. Princeton ta cire bashi daga tallafinta tun 2001. Harvard da MIT sun sanar cewa daga 2025 gidan da ke samun ƙasa da dala 100,000 a shekara ba zai biya komai ba, har ɗaki da abinci, mai samun ƙasa da 200,000 kuma ba zai biya kuɗin karatu ba. Direban tasi da mai kitso nawa ne a cikinmu suka haura wannan? Akwai kuma QuestBridge da ke haɗa yaran marasa ƙarfi masu ƙoƙari da irin waɗannan jami'o'i, kuma tana da shirin da ake nema tun aji 11. Ko yaro bai samu can ba, shirin da ya yi bai faɗi ƙasa banza ba, shi zai jawo masa tallafi a jami'ar jiha ko CUNY, jami'ar birnin New York, waɗanda suka fitar da 'ya'yanmu da yawa da muke alfahari da su yau. A New York ma ɗalibin sakandaren gwamnati zai iya ɗaukar darussan CUNY kyauta ta shirin College Now tun bai gama ba.

Ba ina nufin a hana yaro barci ko a ɗora masa AP shida yana kuka ba. Kowane yaro da ƙarfinsa, kuma wanda ya fi son aikin hannu a taimake shi a kan nasa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a rufe wa yaro mai basira ƙofa yana ɗan shekara 13 don kawai ba wanda ya karanta wa iyayensa takarda.

Roƙona ga kwamitocin masallatanmu da ƙungiyoyinmu: muna da yara yanzu da suka gama jami'a a nan, suna jin Hausa, sun bi hanyar nan da ƙafarsu. A ware Asabar ɗaya bayan La'asar, a kira su, a kira iyaye maza da mata, kowa ya zo da sakamakon ɗansa na zangon da ya wuce a duba tare. A fara da iyayen 'yan aji 6 da 7, kuma a yi kafin watan Fabrairu, don daga nan makarantu da yawa ke fara rarraba takardun zaɓen darussan baɗi.