Ofishin neman aiki bai kamata ya tsaya don an ɗauke wuta ba

A watan Afrilun 2024 ɓata-gari suka lalata wasu turakun babban layin lantarki da ke kawo wuta daga Jos zuwa Gombe, lamarin da ya jefa Gombe da maƙwabtanta na Arewa maso Gabas cikin ƙarancin wuta na makonni. A watan Oktoban shekarar kuma aka sake shiga wani duhun da ya mamaye galibin jihohin Arewa fiye da mako guda. A duka lokutan biyu an yi ta maganar asarar masu walda, masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara, kuma sun cancanci a yi maganarsu. Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne mai neman aiki, wanda rajistarsa, fom ɗinsa da kiran da yake jira duk sun rataya a kan ofishin gwamnati da ke buƙatar wuta, sabis na waya da ma'aikaci a kan kujerarsa. Ra'ayina shi ne Ma'aikatar Ƙwadago da Samar da Ayyukan Yi ta Tarayya, tare da hukumomin da ke ƙarƙashinta, na buƙatar rubutaccen shirin ko-ta-kwana na ci gaba da aiki a lokacin tangarɗa, kuma a gina shirin daga ofishin jiha irin na Gombe zuwa sama, ba daga Abuja zuwa ƙasa ba.

Hidimar da ake magana a kai ba alfarma ba ce. Tun 1961 Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 88 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta wajabta wa ƙasa ta tanadi hidimar haɗa masu neman aiki da masu ɗaukar ma'aikata kyauta, ta hanyar ofisoshin da jama'a za su iya isa gare su. Ma'aikatar tana da ofishi a jihohi ƙarƙashin kwanturolan ƙwadago, tana da shafin intanet na NELEX da aka kafa domin rajistar masu neman aiki da guraben da ake da su, ita ce kuma ke ba kamfanonin ɗaukar ma'aikata masu zaman kansu lasisi. Akwai hukumar NDE da aka kafa a zamanin Janar Ibrahim Babangida domin koyar da sana'o'i da rage zaman kashe wando, akwai kuma asusun NSITF da ke biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki bisa dokar 2010. Kusan kowace ɗaya daga cikin waɗannan hidimomi tana tafe da wa'adi: ranar rufe karɓar fom, ranar tantancewa, ranar da ya kamata a kai rahoton rauni. Wa'adi kuwa ba ya tsayawa don an ɗauke wuta, sai idan wani mai iko ya rubuta tun da wuri cewa zai tsaya.

Mu ɗauki matashin da ya gama karatu a Jami'ar Tarayya ta Kashere ya koma gida Nafada. Ya ji sanarwar wani shiri, ya ranci kuɗin mota ya taho Gombe saboda a can sabis ba ya ɗaukar hoton takardunsa. Ya sami shagon intanet cike maƙil, mai shagon ya ƙara kuɗi domin da janareta yake aiki, shafin kuma yana buɗewa yana rufewa, ga wa'adi zai cika da ƙarfe goma sha biyu na dare. Ya nufi ofis ya tambaya ko za a ƙara lokaci, ya tarar da ma'aikaci yana fifita da fayil a ɗaki mai duhu, wanda iyakar abin da zai iya ce masa shi ne, “Ka yi haƙuri, ɗana, mu ma umarnin Abuja muke jira.” Ma'aikacin bai yi ƙarya ba, kuma ba shi da laifi. Laifin na tsarin da bai ba shi ikon karɓar fom a takarda ya buga masa hatimi da kwanan wata ba, bai kuma faɗa masa abin da zai yi a rana irin wannan ba.

Masu nazarin wannan fanni, ciki har da waɗanda suka tsara ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 22301 kan ci gaba da aiki a lokacin tangarɗa, wanda ya fara fitowa a 2012, sun fara ne da tambaya mai sauƙi wadda ba ta buƙatar kwangila ko ƙwararre daga waje: a cikin ayyukan da ofis yake yi, wanne ne ba zai jure tsaiko ba, kuma tsaikon kwana nawa zai iya ɗauka kafin ɓarnar ta zama wadda ba a iya gyarawa? Idan aka yi wa ofishin ƙwadago na jiha wannan tambaya da gaskiya, amsar za ta bambanta ayyukan da aka saba jerawa a layi ɗaya. Taron bita da rahoton wata-wata za su iya jiran mako uku ba tare da kowa ya cutu ba. Karɓar ƙorafin ma'aikacin da aka sallama ba tare da haƙƙinsa ba, ko sasanta rikicin da ke neman zama yajin aiki, ba za su jira haka ba. Biyan alawus ɗin masu koyon sana'a shi ma ba zai jira ba, domin yaron da ke zuwa shagon kafinta a Kumo da kuɗin acaɓa da yake sa ran samu, idan wata biyu suka wuce shiru, zai bar koyon ya koma tasha, kuma da wuya a sake ganinsa.

Annobar korona ta nuna mana yadda rashin wannan bambancewa ke kasancewa. A watan Maris na 2020 aka umarci ma'aikatan gwamnatin tarayya daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna a gida, alhali galibin waɗanda ke zama a teburin karɓar jama'a a cikin wannan rukuni suke. Umarnin ya dace da halin da ake ciki, amma ya zo daidai lokacin da makarantu masu zaman kansu, otal-otal da kamfanonin sufuri ke rage ma'aikata ko dakatar da albashi. Wannan shi ne abin da ya bambanta hidimar samar da aiki da yawancin hidimomin gwamnati: musibar da ke rufe ofishin ita ce kuma ke ƙara yawan masu buƙatarsa. Daga baya gwamnati ta ɓullo da shirin ayyuka na musamman na mutum 774,000, wato dubu ɗaya a kowace ƙaramar hukuma a kan naira 20,000 a wata har wata uku, wanda NDE ta gudanar. A Gombe mai ƙananan hukumomi 11, wannan na nufin sunaye 11,000 da lambobin asusunsu na banki da ake buƙatar tattarawa cikin gaggawa, kuma duk wanda ya bi labarin shirin ya san irin koke-koken jinkirin biya da suka biyo baya. Da akwai sahihiyar rajistar masu neman aiki da ake sabuntawa a kowace ƙaramar hukuma, da ba a fara daga tushe a tsakiyar annoba ba. Hausawa sun riga sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Rajistar nan ita ce dukiyar ofis ta gaskiya, ta fi ginin da kujerun daraja, kuma ita ce mafi sauƙin salwanta. Ambaliyar da ta shafe wani babban sashe na Maiduguri a watan Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau ta shiga gidaje da ofisoshi ba ta tambayi wace takarda ce mai muhimmanci ba, kuma garin Gombe, da kwazazzabansa da ke cika a duk damina, ba shi da dalilin jin cewa ya tsira. Ajiye kwafin bayanai a wani gari dabam, a rumbun da gwamnati ke kula da shi, wajibi ne. Sai dai kwafin da ke Abuja kaɗai ba zai amfani ma'aikacin Gombe ba a ranar da intanet ta yanke, kamar yadda aka gani a watan Maris na 2024 lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, har bankuna suka kasa yi wa jama'a aiki yadda ya kamata. Ana buƙatar kwafi a ofishin jiha da za a iya buɗewa ba tare da sabis ba, da fom na takarda masu lamba da za a shigar cikin kwamfuta idan lamura sun daidaita. Dokar kare bayanai ta 2023 ta kuma ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su, saboda haka kwashe sunaye da lambobin NIN na dubban matasa a wayar wani ma'aikaci da sunan gaggawa ba mafita ba ce, wata sabuwar matsala ce.

Akwai kuma tangarɗar da ba ta zuwa da ruwa ko duhu, wadda a ganina ta fi kowacce yawan faruwa a ma'aikatunmu. Mutum ɗaya ne ya san lambar sirrin shafi, shi ya san inda fayil ɗin bara yake, shi ke da lambobin wayar masu sana'ar da ke karɓar ɗalibai. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, ko Allah Ya yi masa rasuwa, aikin sai ya koma kamar ba a taɓa yin sa ba. Sauyin gwamnati ma yakan yi irin wannan ɓarna, inda shirin da aka fara a wata ma'aikata yake komawa wata, kamar yadda N-Power da aka ƙaddamar a 2016 ya koma ƙarƙashin ma'aikatar jin ƙai a 2019. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo: kowane aiki mai muhimmanci a sami mutum na biyu da ya iya shi, a rubuta wanda zai sa hannu idan kwanturola ba ya nan, a kuma tilasta miƙa ragama a rubuce kafin mutum ya bar kujera.

Idan ofis ya yi shiru, ba shiru ake samu a gari ba, 'yan damfara ne ke magana a madadinsa. Saƙonnin bogi na ɗaukar ma'aikata suna yawo a WhatsApp da Facebook ko a ranakun da komai ke tafiya daidai, balle a makon da shafin hukuma ya ƙi buɗewa kuma babu wanda ya fito ya yi bayani. Iyaye sukan sayar da akuya ko buhun masara su tura kuɗin “fom” ga wanda ba su taɓa gani ba. Don haka dole shirin ya tanadi muryar hukuma da ba ta dogara da intanet ba: yarjejeniya tun da wuri da gidajen rediyon jihar domin sanarwa da Hausa, Fulfulde, Tangale, Tera da Waja, allon sanarwa a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, da masu unguwanni da limamai da fastoci da aka san za a aika wa saƙo. Kuma sanarwar ta riƙa maimaita abu ɗaya a kowane lokaci, cewa rajistar neman aiki a ofishin gwamnati kyauta ce.

Za a ce ai mutane kaɗan ne ke samun aiki ta ofishin ƙwadago, tunda alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya a ɓangaren da ba na hukuma ba suke, saura kuma sun fi dogara da wa-ka-sani. Wannan hujja tana da nauyi, amma tana iya juyawa ta goyi bayan abin da nake faɗa. Jama'a ba sa zuwa ofishin da ba su da tabbacin za su same shi yana aiki, kamfani ma ba zai kai gurabensa inda ba shi da tabbacin samun amsa ba. Jihar da ke da kamfanin siminti a Ashaka, take gina rukunin masana'antu a Dadin Kowa, take kuma sa rai da man Kolmani da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Nuwamban 2022 a kan iyakarta da Bauchi, tana buƙatar wurin da ɗan talaka mai takardar shaida zai rubuta sunansa ya san yana nan ba zai ɓace ba.

Za a kuma ce babu kuɗi. Abin da ke buƙatar kuɗi a nan kaɗan ne: sola da batir da za su riƙe kwamfutoci biyu ko uku da na'urar buga takarda, layukan waya na kamfanoni biyu dabam, da kabad na ƙarfe a wuri mai tudu. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, dogaro da janareta ya zama tsarin da kuɗin gudanarwar ƙaramin ofis ba zai iya ɗauka ba. Abin da ya fi kuɗi wahalar samu shi ne yardar Abuja ta saki wani ɓangare na ikonta, ta rubuta cewa idan wuta ko sabis ya yanke a jiha fiye da adadin kwanakin da aka ƙayyade, wa'adin karɓar fom ya ƙaru kai tsaye ga mutanen jihar, kuma kwanturola na da hurumin karɓar takarda da hannu. Sannan a gwada shirin sau ɗaya a shekara, kafin damina ta kankama: a kashe wuta da intanet na yini guda da gangan, a ga ko teburin karɓar jama'a zai ci gaba da aiki, a kuma gayyaci reshen ƙungiyar ƙwadago ta NLC na jihar da 'yan jarida su shaida, domin sakamakon ya fita daga cikin ofis ya isa kunnen masu neman aikin da aka yi shirin dominsu.